Asirin Wa Anka Rufa? Sharhi Bisa Millénium Na Ɗaya

Ƴan uwa ɗalibai, gargaɗi tun da fari: sharhin ga zai tona ƙarshen labari. Wanda bai karanta littafin ba, kuma yake son ya gano da kanshi, ya tsallake shafukan ga ya dawo in ya ƙare. Dole ce ta sa. Abin da nake son mu tattauna yana can cikin ƙarshen, kuma ba yadda za a taɓa shi ba tare da an faɗi wa ya yi mi ba.

Littafin shi ne na farko cikin ukun nan da ake kira Millénium, na Stieg Larsson, ɗan jarida mutumin ƙasar Suwidin. Ya fito a 2005. Fassarar Faransanci, wadda ita ce ke yawo hannunmu, ta fito a 2006 daga Actes Sud, aikin Lena Grumbach da Marc de Gouvenain. Shi marubucin bai ga ko guda ba, don ya rasu cikin watan Nuwamba 2004 yana da shekara 50, bayan ya miƙa rubutun ga masu bugawa. An yi fim ɗinshi sau biyu, na Suwidin a 2009 da na Amurka a 2011, kuma na san da yawa cikinmu ta fim sunka san shi. Ni dai littafin nake nufi, don na Amurka ma ya canja inda anka samu yarinyar.

Ana tallarshi a matsayin labarin wata yarinya da ta ɓace shekara 36 ba a san inda ta yi ba. Haka ne kuwa. Amma abin da na fito da shi daga karatun shi ne, littafin ya ɗauki asiri iri biyu ya ɗaure su da igiya ɗaya: asirin wadda anka zalunta, da asirin wanda ya yi zaluncin. A ƙarshe an rufe su tare, kuma cikin masu rufewar har da jarumin da sana'arshi tonawa ce. A nan ƙarfin littafin yake, a nan kuma ƙorafina yake.

Littafi ɗaya, suna uku

Da yake ilimin harshe nake karatu, ku yi mini haƙuri in fara daga bango.

Sunan da Larsson ya ba littafinshi cikin harshen Suwidin shi ne Män som hatar kvinnor. Kalma huɗu ce: maza, waɗanda, suke ƙi, mata. Aikatau ɗin, hatar, na lokaci mai ci ne, abin da ake cikin yi yanzu. Kalmar män kuma ba ta da alamar tantancewa. Da yana nufin wasu sanannun maza, da männen zai ce. Ke nan da Hausa sunan shi ne "Maza masu ƙin mata", ko waɗanne, ko ina, har gobe.

Ku dubi wanda ke bisa bangon namu: Les hommes qui n'aimaient pas les femmes. Abu uku sun canja. An sa les, sai mazan sunka zama wasu ayyanannu da za a iya nunawa da yatsa. An mai da lokacin imparfait, sai abin ya koma tarihi, wani abu da ake yi da can. Babba duka, ƙiyayya ta koma rashin so. Duk mai jin Hausa ya san nisan da ke tsakanin "ba na son shi" da "na tsane shi". Mutum yana iya rashin son kuɓewa, wannan bai sa ya bi ta gona yana tugewa ba. Wani zai ce ai litote ce, irin wadda anka koya mana a lise, kuma sunan yana tuna ma Bafaranshe fim ɗin François Truffaut na 1977, L'homme qui aimait les femmes. Na yarda yana da daɗin kunne. Sai dai mazan da ke cikin littafin ga, rashin so bai isa ya kwatanta aikinsu ba.

Da anka zo fassarar Ingilishi a 2008, sai anka kira shi The Girl with the Dragon Tattoo, wato yarinya mai zanen dodo a jiki. Aikau ya fita, aikatau ya fita, mazan sun ɓace ɗungurungum. An bar mana mace guda da zanen bayanta mu yi kallo, an kuma kira ta yarinya alhali shekararta 24.

Kada mu yi ma Turawa dariya da wuri, don harshenmu ma yana da wannan mafakar. "An ɓata ta." "Abin ya faru." "Ƙaddara ta afka mata." Ɗan ƙaramin "an" ɗin nan yana iya haɗiye namiji sukutum da rawaninshi. Tun daga bango ke nan an soma yi ma littafin abin da shi kanshi yake ba da labari: ana cire mai laifi daga cikin jimla.

Labarin a taƙaice

Henrik Vanger dattijo ne mai shekara 82, tsohon shugaban wani babban kamfanin iyali. Duk shekara ranar haihuwarshi ana aiko mishi da busasshen fure cikin gilashi, ba suna ba takarda. Wadda ta saba ba shi irin kyautar ga tun tana ƙarama ita ce Harriet, jikar wanshi Richard, wadda ya ɗauka kamar ɗiyar cikinshi. Harriet kuwa ta ɓace cikin watan Satumba 1966 tana da shekara 16.

Ranar da ta ɓace, dangi sun taru a tsibirin Hedeby don taron shekara. Gada guda ce ke haɗa tsibirin da gari, kuma a ranar wata babbar motar dakon mai ta yi karo da ƙaramar mota bisa gadar, hanya ta toshe. Ba shiga ba fita. An bincike ruwa da daji ba a ga gawa ba. Sai Henrik ya yanke cewa kashe ta anka yi, wanda ya kashe ta ɗan gida ne, kuma shi ke aiko furen don ya azabtar da shi. Masu karanta Agatha Christie sun san salon: a rufe mutane wuri guda, mai laifi yana ciki.

A ƙarshen 2002 Henrik ya ɗauki Mikael Blomkvist, ɗan jaridar mujallar Millénium, wanda kotu ta kama da laifin ɓata sunan wani attajiri, Wennerström, ta yanke mishi wata uku gidan kaso. A fili aikinshi rubuta tarihin iyalin Vanger, a ɓoye kuma neman wanda ya kashe Harriet. Daga baya ya haɗu da Lisbeth Salander, mai bincike a wani kamfanin tsaro, gwanar kutse cikin kwamfutar mutane, wadda hukuma ta rubuta cewa ba ta iya riƙe kanta, ta naɗa mata wakili.

Abin da sunka gano shi ne, Gottfried, uban Harriet, ya yi shekaru yana kashe mata ɗaya bayan ɗaya tun daga 1949, yana kuma lalata da ƴaƴanshi biyu. Ya koya ma ɗanshi Martin aikin. A 1965 Harriet ta tura uban cikin ruwa yana buge, ta danne shi da filafilin kwale-kwale har ya mutu, anka ɗauka haɗari ne. Martin ya gani, ya riƙe ta da wannan, ya ɗora daga inda uban ya tsaya. Harriet ba ta mutu ba. Gudu ta yi. Ƴar uwarta Anita ce ta ɓoye ta bayan mota wurin kaya, ta tsallakar da ita bayan an buɗe gada. Tana Ostareliya tana kiwon tumaki da sunan Anita. Martin kuwa ya zama shugaban kamfanin, mutumin kirki a idon kowa, da ɗakin yanka ƙarƙashin gidanshi.

Alamun da anka karanta a baibai

Abin da ya fi burge ni cikin ginin labarin shi ne, ba wata sabuwar shaida da ta faɗo daga sama. Komi yana nan tun 1966. Matsalar ta karatu ce.

Ku ɗauki furen. Harriet ce ke aiko shi, kuma abin da take faɗi shi ne tana raye, ba ta manta da shi ba. Henrik ya karɓi furen nan ɗaya ya karanta akasin haka. Waɗanda sunka yi darasin Saussure sun san alama ba ta zuwa da ma'anarta manne a goshi, sai an yi yarjejeniya tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Harriet ta dogara ga yarjejeniyar ƙuruciya, fure daga gare ta zuwa gare shi. Henrik kuwa ya riga ya binne ta cikin ranshi, don haka dole ya nemo ma furen wani mai aikowa. Shekara bayan shekara wasiƙa tana isowa lafiya lau, mai karatu ne ya ƙi ta.

Sai ɗan karnen Harriet, inda ta rubuta sunayen mata da lambobi biyar biyar, duk suna farawa da 3. Ƴan sanda sun ɗauka lambobin tarho ne, sunka yi ta kira ba su samu komi ba. Ɗiyar Blomkvist, Pernilla, wadda ta shiga harkar addini uban yana jin haushi, ita ce ta kalla sau guda ta gane ayoyin Baibul ne. Ga wani ɗan daɗi ga masu son harshe: a Suwidin littafin da Faransawa ke kira Lévitique sunanshi "littafin Musa na uku". Shi ne 3 ɗin farko, sauran lambobin sura ce da aya. Mai karatu da Faransanci ba zai taɓa cinkar wannan da kanshi ba, sai an gaya mishi. Ayoyin suna maganar hukunci, kuma kowace ta yi daidai da yadda anka kashe ɗaya daga cikin matan. Harriet mai shekara 16 ta gama binciken da ƴan sanda ba su ma san akwai shi ba.

Na uku hotuna ne. A ranar an yi jerin gwanon bikin yara cikin gari, mai ɗaukar hoton jaridar garin ya ɗauki Harriet cikin taro. An sha kallon hoton guda, ana amfani da shi don a ce ga inda take a ƙarfe kaza. Blomkvist ya nemo sauran hotunan ya jera su bi da bi, sai ya ga fuskarta tana canjawa, daga fara'a zuwa tsoro. Ta hango wani a tsallaken titi. Tambayar da anka yi shekara 36 ana yi ita ce wa ya ga Harriet. Ba wanda ya tambayi wa Harriet ta gani. Da anka mai da ita aikau maimakon karɓau, sai labarin ya buɗe. Wanda ta gani kuwa Martin ne.

Wannan gini ne na ƙwarai, kuma mu masu gwada rubutu muna da abin ɗauka. Mai karatu ba ya jin an cuce shi, don duk abin da anka warware da shi an nuna mishi tun da wuri.

Waɗanda sunka sani

Asirin da ya kai shekara 36 ba mutum guda ke riƙe shi ba. Anita ta sani, ta yi shiru don ta kare Harriet. Isabella, uwar yaran, littafin ya nuna ta kau da kai daga abin da ke faruwa cikin ɗakinta. Martin ya san ƙanwarshi ba shi ya kashe ta ba, amma ya fi kowa amfana da shirun.

Shi kanshi Henrik, wanda tausayinshi ya fi kama mu, akwai wani ɗan wuri da bai kamata ya wuce mu ba. Ranar da Harriet ta ɓace, ta zo wurinshi ta ce tana son magana da shi. Yana cikin hidimar baƙi, ya ce ta dakata sai an jima. Sai ga haɗarin gada, kowa ya ruga can. An jiman nan ba ta zo ba sai bayan shekara 37. Dattijon ya tara takardu ɗaki guda, ya zargi kowa cikin danginshi da kisa, amma bai taɓa kawo ma ranshi cewa yarinyar na da dalilin gudu daga gidanshi ba. Ya fi mishi sauƙi ya yarda akwai mai kisa cikin dangi bisa ya yarda gidan ne ba ya zamnuwa.

Larsson ya sa wani asirin a ƙarƙashin wannan. Ƴan uwan Henrik, Richard da Harald, ƴan Nazi ne, kuma matan da Gottfried ya kashe sunayensu na cikin Baibul ne, irin waɗanda yake dangantawa da Yahudawa. Suwidin ba ta shiga yaƙin duniya na biyu ba, tana da sunan ƙasar ba-ruwanmu. Larsson kuwa yana cikin waɗanda sunka kafa mujallar Expo a 1995 don bin diddigin masu wariyar launin fata a ƙasarshi. Iyalin Vanger ƙaramin hoton ƙasar ne: gida mai tsabta, da abin da anka tura ƙarƙashin gado.

Lisbeth ma tana da nata shirun. Wakilin da hukuma ta naɗa mata, lauya Bjurman, ya riƙe kuɗinta ya yi mata fyaɗe. Ba ta je wurin ƴan sanda ba, don ta san takardar da ta ce ba ta da cikakken hankali za ta riga ta isa. Ta ɗauki hoton abin da ya yi, ta koma ta rama da hannunta. Shirun Isabella na son zaman lafiyar kanta ne. Na Lisbeth na wadda ta san ba za a yarda da ita ba ne. Littafin ya iya bambanta su.

Inda ya yi rauni

Kada yabo ya yi yawa. Littafin ya haura shafi 500, kuma ɗarin farko sai mai haƙuri. Bayanin kamfanoni da rancen gwamnati ne, da jerin dangin Vanger da sai ka zana bishiyarsu bayan kayenka kafin ka riƙe. Ana shan kafe kusan kowane shafi. Bayan an samu Harriet kuma sai a koma ga Wennerström na tsawon shafuka, alhali zuciyar mai karatu ta riga ta sauka.

Blomkvist shi ma matsala ne. Kusan duk macen da ta zamna da shi sai ta so shi, daga abokiyar aikinshi Erika, zuwa Cecilia Vanger, har Lisbeth. Littafin da ya zo yi ma maza faɗa ya ajiye namiji guda a tsakiya wanda bai da laifi wurin mata, sai dai su yi ta ƙwanƙwasa mishi ƙofa. Kowane namiji mai karatu zai ce ai ni ne wannan, ya wanke hannunshi.

Babban raunin dai Martin ne. Kowane kashi na littafin yana buɗewa da ƙididdigar cin zarafin mata a Suwidin, irin na yau da kullum, na miji da saurayi da maƙwabci. Amma da labarin ya kai ƙololuwa sai anka kawo mana dodo mai ɗakin azaba da kayan ɗaukar hoto. Dodo yana da sauƙin tsana, don ba wanda ke ganin kanshi ko wanshi cikinshi. Ni Bjurman ya fi ba ni tsoro, mutum mai kwat da hatimin hukuma, wanda ba ya bukatar ɗakin ƙarƙashin ƙasa don ofis ɗinshi ya ishe shi. Isabella ma ta fi ba ni tsoro, don irinta ba su da wuyar samu. Da Larsson ya tsaya ga waɗannan, da sunan da ya ba littafin ya fi cika. Haka kuma wuraren fyaɗe da azaba an daɗe cikinsu fiye da bukata, har mutum ya soma tambayar ko nuna mugunta ake ko sayar da ita.

Asiri biyu cikin ƙunshi ɗaya

Hausa ta ari kalmar Larabci sirr sau biyu. Sau guda ta ba mu "sirri", sau guda kuma ta haɗiye harafin tantancewar Larabcin, as-sirr, ta ba mu "asiri". Sirri abin da ba a faɗi ne kawai. Asiri ya fi nan nauyi, don ya haɗa da mutunci. "Rufin asiri" har abinci da sutura da aure yana nufi, kuma ba wanda ke jin an ce "Allah shi rufa asiri" bai ce amin ba. "Tonon asiri" kuwa kusan zagi ne. Shi ya sa Bahaushe mai karanta ƙarshen littafin ga yana iya gyaɗa kai da sauri ya ce an yi daidai, a bar kaza cikin gashinta. Ni ina ganin sai mun ɗan tsaya.

Ga yadda anka ƙare. Lisbeth ta ceci Blomkvist daga ɗakin Martin, Martin ya gudu da mota ya afka ma kamyo ya mutu. Lisbeth ta ƙi a kira ƴan sanda, saboda dalilinta da munka faɗa. Harriet ta dawo gida. Sai Henrik da lauyanshi Frode sunka roƙi Blomkvist kada ya rubuta komi. Hujjarsu tana da ƙarfi: in an tona Martin, ƴan jarida za su tono Gottfried, daga nan su iso ga Harriet, a baza abin da ubanta da wanta sunka yi mata, da abin da ta yi ma uban. Matar da ta sha wahalar nan za a sake tuɓe ta gaban duniya. Kamfanin ma zai iya rushewa da ma'aikatanshi. Blomkvist ya yarda, ranshi a ɓace.

Asirin Harriet nata ne, ban da ja a nan. Wadda anka zalunta ita ke da ikon ta faɗa ko ta yi shiru, kuma ba ɗan jaridar da ke da haƙƙin sayar da mujalla da ciwonta.

Amma akwai wasu matan. Bayan 1966 Martin ya ci gaba da kisa har 2003. Ya koyi darasi daga ubanshi, ya daina barin gawa, yana zubarwa cikin teku. Yana kuma zaɓen waɗanda ba mai nemansu, baƙin haure da mata masu zaman kansu da waɗanda ba su da kowa a ƙasar. Kowace cikinsu tana da uwa ko ƙane wani wuri da bai san inda ta yi ba. Su ba wanda ya tambaye su ko sun yarda a rufe. Waɗanda sunka yanke hukuncin su ne dangin mai kisan, da lauyansu, da ɗan jaridar da a lokacin kuɗin Vanger ke cikin mujallarshi, don Henrik ya riga ya sayi hannun jari a Millénium. Lisbeth ce kaɗai ta tuna da matan. Ta gindaya sharaɗi a yi ƙoƙarin gano ko su wane ne, a biya danginsu, a kuma riƙa ba gidajen da ke karɓar matan da anka ci zarafinsu kuɗi duk shekara. Ya fi babu. Sai dai diyya ce ba bayani, a ba ka kuɗi ba a gaya maka ina ɗiyarka ta kwana ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Henrik. Mutumin ga ya fi kowa sanin ciwon rashin sani. Shekara 36 bai yi barci mai daɗi ba don yarinya guda. Da tashi ta dawo, sai ya sa hannu a bar wasu gidajen cikin irin halin da ya fito. Ɓatan ɗiyar masu kamfani ya ci littafi mai shafi 500. Ɓatan sauran bai samu ko jerin sunaye ba.

Akwai kuma gardamar da Lisbeth ta tayar wadda ba a warware ba. Ita haushin Harriet take ji, don a ganinta da ta yi magana a 1966 da matan nan ba su mutu ba. Blomkvist yana kare Harriet, yarinya ce mai shekara 16 da ta tsorata. Ina tare da shi a nan, tunda mun ga ta gwada magana anka ce ta dakata. Amma tambayar tana nan ga Harriet babba, mai dukiya da ƴaƴa, wadda ta san wane ne wanta, ta yi shekaru tana aiko fure ba ta aiko kalma guda ba. Larsson bai wanke ta ba, bai kuma ɗaure ta ba, kuma na ga hakan daidai ne.

In za a yi mishi adalci, bai nuna rufewar a matsayin nasara ba. Blomkvist ya san ya karya dokar sana'arshi, yana jin kunyar kanshi. Ƙorafina shi ne littafin bai bar mu mu zamna cikin kunyar nan ba. Nan da nan ya ja mu ga Wennerström, anka tona asirinshi da ganga da algaita, mujalla ta farfaɗo, jarumi ya dawo da sunanshi. Asirin ɓarawon kuɗi ya tonu, na mai kashe mata ya kwanta. Mai karatu ya rufe littafi yana murna, ya manta da waɗanda ke ƙarƙashin teku. Ko da gangan Larsson ya yi haka don ya nuna yadda duniya take, ko daɗin labari ne ya ja shi, sakamakon bisa takarda guda ne.

Ga masu karatu da masu rubutu

Ku karanta shi. Ku daure ma shafukan farko, abin da ke gaba ya cancanci haƙurin. Masu raunin zuciya su san akwai wurare masu nauyi.

Mu kuma da ke gwada rubuta labaran gida, na gado da kishi da ɗan da ba a san ubanshi ba, asirin iyali shi ne jarinmu, kuma yawanci da rufin asiri muke ƙarewa, a yafe ma juna a tashi. Ban ce a daina ba. Na ce dai kafin mu rufe, mu kwance ƙunshin mu duba na wa da na wa ke ciki, wa ya amfana da rufewar, wa kuma ba a gayyata ba lokacin da anka yanke shawara. Wanda yake ganin Blomkvist bai da wata hanya ban da wadda ya bi, ina son in ji hujjarshi a fitowa ta gaba.